Lauyoyin Da Ba Su Shiga Kotu: Halin Da Masu Tantance Takardun Shari'a Ke Ciki A Amurka

A ranar 18 ga watan Afrilu na shekarar 2023, a wata kotu da ke Jihar Delaware ta ƙasar Amurka, gidan talabijin na Fox News ya amince zai biya kamfanin Dominion, mai ƙera na'urorin zaɓe, diyyar dala miliyan 787 da rabi domin a kashe ƙarar ɓata suna da kamfanin ya shigar. An yi wannan sulhu ne ana gab da fara sauraron shaidu. Daga cikin abubuwan da suka karya lagon gidan talabijin ɗin akwai wasiƙu da saƙonnin waya da manyan ma'aikatansa suka riƙa aika wa junansu, waɗanda suka nuna cewa su kansu ba su gaskata zargin maguɗin zaɓen shekarar 2020 da ake ta yayatawa a tasharsu ba.

Jaridu sun buga hotunan manyan lauyoyin da suka fito daga kotu suna murmushi. To, amma irin waɗannan saƙonni ba daga sama suke faɗowa ba. A kowace babbar shari'a a Amurka, kafin lauyan da ake gani ya ɗaga takarda ɗaya a gaban alƙali, sai waɗansu sun zauna sun karanta dubbai, wani lokaci ma miliyoyi, sun tace su ɗaya bayan ɗaya. Masu wannan aiki su ma lauyoyi ne, sun yi karatun, sun ci jarrabawa, suna da lasisi. Sai dai ba a san sunansu ba, kuma akwai waɗanda sukan shekara da shekaru a cikin aikin ba su taɓa tsayawa gaban alƙali ba.

ASALIN AIKIN

Tushen wannan sana'a yana cikin dokokin gudanar da ƙararraki a kotunan tarayya na Amurka, waɗanda suka fara aiki a shekarar 1938. Dokokin sun wajabta wa mai ƙara da wanda ake ƙara su miƙa wa juna takardun da suka shafi rigimar, ko da kuwa takardar za ta cuci mai ita. Hikimar abin ita ce kada wani ya yi nasara don kawai ya iya ɓoye gaskiya a cikin akwati.

A zamanin da ake aiki da takarda da keken rubutu, yaran lauyoyi ne na ofis ake turawa ɗakin ajiya su yi ta buɗe kwalaye. Ko a lokacin ma aikin ba ƙarami ba ne. Ƙarar da gwamnatin Amurka ta shigar da kamfanin IBM a shekarar 1969 ta ci shekara 13 kafin a janye ta a 1982, kuma tarin takardu na cikin abubuwan da suka ja ta. Jaridar New York Times ta ba da labarin wata shari'a ta shekarar 1978 da ta shafi gidan talabijin na CBS, inda aka duba takardu miliyan 6, aka kashe fiye da dala miliyan 2 a kan haka.

Zuwan kwamfuta da wasiƙar imel ya mai da tudu ya zama dutse. Abin da a da ma'aikaci zai faɗa wa abokinsa a baki, yanzu rubuta shi yake yi, kuma rubutun ba ya ɓacewa. Bayan da kamfanin makamashi na Enron ya durƙushe, hukuma ta fito da wasiƙun ma'aikatansa a shekarar 2003, sai ga shi mutum kamar 150 kacal sun tara wasiƙu wajen rabin miliyan. A shekarun 2003 da 2004, Mai Shari'a Shira Scheindlin ta kotun tarayya da ke New York ta yanke waɗansu hukunce-hukunce a shari'ar wata ma'aikaciya da bankin UBS Warburg, inda ta tabbatar da cewa wajibi ne kamfani ya adana wasiƙunsa na imel da zarar ya hango ƙara tafe, wanda ya share su kuwa zai ɗanɗana kuɗarsa. A watan Disamba na 2006 aka gyara dokokin kotunan, aka ambaci bayanan da ke cikin kwamfuta ƙarara.

Daga nan sai aikin ya fi ƙarfin yaran ofis. Wani bincike da cibiyar RAND ta fitar a shekarar 2012 ya nuna cewa kashi 73 cikin 100 na kuɗin da kamfanoni ke kashewa wajen miƙa bayanan kwamfuta a shari'a, a kan karanta takardun yake tafiya. Manyan ofisoshin lauyoyi suka ga cewa masu kawo musu ƙara ba za su ci gaba da biyan kuɗin cikakken lauya don wannan ba, sai suka koma ɗaukar lauyoyin wucin gadi ta hannun kamfanonin dillancin ma'aikata.

YADDA YINI KE TAFIYA

Lauyan da ke wannan sana'a ba shi da ofis nasa, ba shi da wanda yake karewa. Yakan bar sunansa a wurin dillalai biyu ko uku, ya zauna yana jiran waya. Idan aiki ya samu, sai a ce masa ya zo ranar kaza, aikin zai ɗauki mako uku ko wata biyu. A ranar farko zai sa hannu a takardar riƙe sirri, ya lissafa shari'o'in da ya taɓa yi wa aiki don kada a samu ya taɓa yi wa abokin hamayya. Sa'an nan wani lauya daga babban ofis zai zo ya yi musu bayanin rigimar a cikin 'yan awoyi, ya raba musu takardar umarni mai ɗauke da sunayen mutane da batutuwan da ake nema.

Kafin annobar korona, akasarin aikin a manyan ɗakuna ake yinsa a birane irin su New York da Washington, daga baya kuma aka riƙa kai shi garuruwan da haya da albashi suka fi sauƙi. Tebura ne a jere, kowa da kwamfutarsa. A wurare da dama ba a yarda a shiga da wayar hannu ba. Manhajar da aka fi amfani da ita, mai suna Relativity, takan miƙo wa mutum kashinsa na takardu, ya buɗe ta farko, ya karanta, ya danna alama: wannan ta shafi ƙarar, ko ba ta shafe ta ba. Idan ta shafe ta, sai ya nuna batun da ta taɓa. Idan akwai lambar asusun banki ko bayanin lafiyar wani, sai ya shafe wurin da baƙi. Daga nan ya wuce ta gaba. Sau da yawa akan sa ran ya gama takarda hamsin a cikin awa guda, kuma na'urar tana ƙirga masa.

Mafi yawan abin da zai gani shirme ne: gayyatar taro, sanarwar hutu, barkwanci tsakanin abokan aiki, wasiƙa ɗaya da aka maimaita sau ashirin. Amma ba shi da damar gyangyaɗi, domin abubuwa biyu ne ake biyansa ya gano. Na farko ita ce takardar da za ta iya juya shari'ar baki ɗaya, wadda wajibi ne ya sanar da na sama da shi nan take. Na biyu kuwa, wanda ya fi haɗari, shi ne sirrin da ke tsakanin kamfani da lauyansa. Doka ta ba da damar a riƙe irin wannan takarda, kada a miƙa ta. Idan mai tantancewa ya yi sakaci ya bar ta ta wuce, to shawarar da lauya ya ba kamfaninsa a asirce ta faɗa hannun abokin gaba. Yawan aukuwar wannan kuskure ne ya sa majalisar dokokin Amurka ta ƙara wani sashe a dokar shaida a shekarar 2008, wanda ya ba da hanyar ƙwato takardar da aka miƙa bisa kuskure.

A bayansa kuma akwai waɗansu lauyoyin da ke sake duba wani kashi na abin da ya yi. Wanda kurakuransa suka yi yawa, ko kuwa hannunsa ya yi nauyi, ba a yi masa doguwar magana, sai dai a ce kada ya dawo gobe. Ko da ya iya aikin ma, babu tabbas. Idan masu ƙara suka sasanta da tsakar rana, to aikin mako shida ya ƙare ke nan a ranar, kowa ya tattara jakarsa ya koma jiran waya.

Tun daga shekarar 2020 aikin ya koma gida ga mutane da yawa. An huta da kuɗin mota, amma sa ido ya ƙaru. A watan Nuwamba na 2021 jaridar Washington Post ta ba da rahoton cewa waɗansu kamfanoni na tilasta wa waɗannan lauyoyi su yi aiki a gaban kyamara mai manhajar gane fuska, wadda kan rufe musu kwamfuta idan sun kawar da kai. Lauyoyi baƙar fata sun yi kukan cewa manhajar takan kasa gane su, sai su yi ta sake shiga, lokaci na tafiya.

KURA DA SHAN BUGU

Kafin mutum ya zama lauya a Amurka, sai ya yi digirin farko na shekara huɗu, ya ƙara shekara uku a makarantar koyon shari'a, kana ya ci jarrabawar lasisi ta jihar da zai yi aiki. Da yawa sukan fito da bashin karatu na fiye da dala 100,000 a wuyansu. Wanda ya yi sa'a ya shiga ɗaya daga cikin manyan ofisoshin New York, albashinsa na shekarar farko ya kai dala 225,000 a 2024. Amma waɗannan kujeru kaɗan ne. Lokacin da tattalin arziki ya karye a shekarar 2008, ofisoshin suka sallami lauyoyi da dama, suka rage ɗaukar sababbi, sai ɗakunan tantance takardu suka cika. Da yawa sun shiga da niyyar wata shida ne kafin su samu abin yi, ga shi har yau suna nan, domin masu ɗaukar aiki ba su cika ɗaukar wannan a matsayin ƙwarewa ba.

Biyan kuwa na awa ne. Ranar da ba a yi aiki ba babu ko sisi, fansho da inshorar lafiya kuma sai wanda ya dace. Abin da ya fi ci musu rai shi ne bambancin abin da ake ba su da abin da ake karɓa da sunansu. Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta ba da fatawa a shekarar 2000 cewa ofishin lauyoyi na iya ɗora riba a kan aikin lauyan wucin gadi, muddin jimlar kuɗin ba ta wuce hankali ba. A shekarar 2013 wannan batu ya fito fili a ƙarar da masu hannun jari suka kai bankin Citigroup, wadda aka sasanta a kan dala miliyan 590. Lauyoyin masu ƙara sun lissafa aikin masu tantance takardu a kan fiye da dala 400 kowace awa. Mai Shari'a Sidney Stein ya ce babu mai hankalin da zai biya haka daga aljihunsa, ya rage shi zuwa dala 200. Ko wannan ɗin ma ya ninka abin da ke shiga hannun masu aikin sau da yawa. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi.

LAUYA NE KO LEBURA?

Dokar ƙwadago ta Amurka ta shekarar 1938 ta ce duk ma'aikacin da ya wuce awa 40 a mako, a biya shi ɗaya da rabi a kan kowace awa ta ƙari. Amma ta cire waɗansu masu sana'a, ciki har da lauyan da ke aikin lauya. Wannan ne ya haifar da wata shari'a mai ban mamaki.

Wani lauyan wucin gadi ya yi wata 15 yana tantance takardu a Jihar North Carolina, daga shekarar 2012, domin babban ofishin lauyoyi na Skadden. Ana biyansa dala 25 a awa, yana yin awa 45 zuwa 55 a mako, ba a taɓa ba shi kuɗin ƙarin awoyi ba. Da ya kai ƙara, hujjarsa ita ce abin da yake yi ba aikin lauya ba ne: duba kalmomin da aka ba shi, jefa takarda a rukunin da aka riga aka tsara, da shafe waɗansu wurare da baƙi. Watau sai da lauya ya ƙasƙantar da aikinsa kafin ya nemi haƙƙinsa, su kuwa waɗanda suka ɗauke shi a kan dala 25 suka dage cewa cikakken aikin lauya yake yi.

Kotun farko ta kori ƙarar. Amma a watan Yuli na 2015 kotun ɗaukaka ƙara da ke New York ta dawo da ita, ta ce wanda ke yin aikin da na'ura kaɗai za ta iya yi, ba za a ce yana aikin lauya ba. Daga bisani aka sasanta a wajen kotu. A watan Disamba na wannan shekarar kuma, Mai Shari'a Ronnie Abrams ta yanke akasin haka a ƙarar wani lauyan da aka biya dala 35 a awa domin ofishin Quinn Emanuel. Ta ce tun da shi ne ke yanke shawarar wace takarda ce sirri, wace ce kuma mai muhimmanci, to hankalin lauya ya yi amfani da shi, saboda haka ba shi da kuɗin ƙari.

Idan aka haɗa hukunce-hukuncen biyu, za a ga tsaka mai wuyar da waɗannan mutane ke ciki. In sun yi amfani da iliminsu, doka ta ce lauyoyi ne, ba su da kariyar lebura. In ba su yi amfani da shi ba, kotu da kanta ta faɗa cewa na'ura za ta iya maye gurbinsu.

INDIYA DA NA'URA

Barazana ta farko daga ƙetare ta zo. Kamfanoni irin su Pangea3, wanda aka kafa a 2004, sun buɗe ofisoshi a Indiya, inda akwai lauyoyi masu jin Turanci da suka gaji tsarin shari'ar Ingila, kuma albashinsu bai kai na Amurka ba. A shekarar 2008 Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta halatta kai aiki waje, da sharaɗin lauyan da ya kai aikin shi ne zai ɗauki alhakinsa.

Ta biyu ita ce na'ura, kuma hujjar masu goyon bayanta tana da ƙarfi, domin ɗan Adam ma yana kuskure fiye da yadda yake zato. Tun a shekarar 1985 waɗansu masana biyu, David Blair da M. E. Maron, suka gwada lauyoyin da ke neman takardu ta hanyar kalmomi a cikin tarin takardu 40,000. Lauyoyin sun yi imani sun samo kashi 75 cikin 100 na abin da ake nema, alhali abin da suka samo bai wuce kashi 20 ba. A 2011 kuma Maura Grossman da Gordon Cormack suka buga binciken da ya nuna cewa manhajar da aka koya wa aiki tana iya fin mutanen da suka karanta kowace takarda.

Yadda abin yake shi ne, ƙwararren lauya zai karanta wani ɗan kashi na takardun ya sa musu alama, manhajar ta koyi irin abin da yake so, sa'an nan ta jera sauran miliyoyin daga mafi kusa zuwa mafi nisa. Mutane su karanta na sama, a ɗebi samfuri daga na ƙasa a gwada. A watan Fabrairu na 2012 Alƙali Andrew Peck na New York ya zama na farko da ya amince da wannan hanya a rubuce, babbar kotun Landan ta bi sahu a 2016. Aikin da a da zai ci lauyoyi ɗari, sai ya koma na 'yan kaɗan.

Tun bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, kamfanonin manhaja sun shigo da ƙirƙirarriyar basira wadda ke karanta takarda har ta rubuta dalilin alamar da ta sa mata. To, amma na'ura ba ta da lasisin da za a ƙwace, ba ta kuma rantsuwa. A watan Yuni na 2023 wata kotu a New York ta ci tarar waɗansu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙaga, waɗanda babu su a duniya. Dokar kotu har yanzu tana buƙatar lauya ya sa hannu cewa an yi binciken da ya kamata kafin a miƙa takardu. Saboda haka aikin bai mutu ba, amma ya tsuke: ana bukatar mutane kaɗan masu iya gwada na'urar, da masu gane sirrin lauya, da masu jin harsunan waje. Matsalar da ke gaba ita ce, idan aka kori masu karatu, a ina za a samu waɗanda suka goge har za su gane inda na'ura ta yi tuntuɓe?

ABIN DA YA SHAFI NIJERIYA

Mai karatu na iya cewa wannan matsalar Amurka ce. Amma ƙasar nan ta riga ta ga amfanin tonon takardu da idonta. A watan Janairu na 2010 Ma'aikatar Albarkatun Man Fetur ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin P&ID don gina masana'antar sarrafa iskar gas a Kalaba. Ba a gina komai ba, amma a 2017 kwamitin sasanta rikicin ciniki a Landan ya ce Nijeriya ta biya dala biliyan 6.6, kuɗin da kuɗin ruwa ya kai da shi fiye da dala biliyan 11. A shekarar 2020 lauyoyin Nijeriya suka samu izinin wata kotu a New York su karɓi bayanai daga bankuna. A ranar 23 ga Oktoba, 2023, Mai Shari'a Robin Knowles na babbar kotun Landan ya yanke cewa da zamba aka samu wancan hukunci. Ya gano an ba wata jami'ar ma'aikatar cin hanci, kuma takardun sirri na lauyoyin Nijeriya sun riƙa faɗawa hannun kamfanin a lokacin da ake shari'ar. Alƙalin ya bayyana cewa tilasta fito da takardu ne ya kai ga gano gaskiya.

Wannan darasi ne ga ma'aikatan gwamnati. Tun daga shekarar 2011, sashe na 84 na Dokar Shaida ya ba kotunan ƙasar nan damar karɓar bayanan kwamfuta. Ɗan sharhin da jami'i ya rubuta a fayil, da saƙon da ya aika ta WhatsApp game da kwangila, wata rana wani baƙo zai iya zama ya karanta su a Landan ko New York. Fayil ɗin da ya ɓace kuwa, ko takardar sirrin da ta fita ta ƙofar baya, na iya jawo wa ƙasa asarar da ta fi kasafin kuɗin jihohi da dama.

Ga ɗalibai masu sha'awar aikin lauya, abin lura shi ne takardar shaida kaɗai ba ta hana mutum zama ɗan ƙwadago ba, ko a ƙasar da ta fi kowace yawan kuɗi. Ya kamata jami'o'i da Makarantar Koyon Aikin Lauya su ba da ƙarfi wajen koyar da yadda ake adana bayanan kwamfuta da tace su, ma'aikatun shari'a na tarayya da na jihohi kuma su horar da nasu jami'an. Idan ba a yi haka ba, duk ranar da babbar ƙara ta sake tasowa, sai an sake ɗaukar takardun ƙasar nan an kai wa waɗansu a ƙetare su karanta, a kuma biya su da dala.